Rasuwar Shaidata ta Biyu a Bakin Kogin Rufiji

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda yake riƙe da tsuntsu a sararin samaniya bai faɗo ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, ni Mzee Kibwana Mpendu, mai yi wa baƙi jagorar kallon tsuntsaye, nake sanar da rasuwar kyamarata, shaidata ta biyu bayan idona, ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha tara.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa firgita tsuntsu ba. Maganarta ɗaya ce, "ƙyas", kuma gaskiya ce.

Ajalinta ta hanyar shinkafa ya zo. Kowace damina nakan binne ta cikin gwangwanin ɗanyar shinkafa don ta tsotse mata laima. Bana maiɗakina Bi Mwanahamisi ta dafa shinkafar ga baƙin Mauludi, ta ce ba ta taɓa jin hadisin da ya fifita ƙarfe a kan baƙo ba. Na duba littattafaina, ban samu ba. Funfuna ta rufe idon marigayiya kamar yana.

Ranar Talata, mujiyar nan mai kamun kifi, wadda na shekara talatin ina nema, ta sauka a reshen tsamiya, taku goma daga kwalekwalena. Na danna. Marigayiya ta ce "kirrr", ta cika.

Al'adarmu ta jagorori ita ce, tsuntsun da ba shi da hoto ba a gan shi ba. Abokin aikina Mbwana Kitwana yana ta faɗa a wurin shan shayi cewa idon tsoho ne ya mai da gidan tururuwa mujiya. Na yafe masa, ko da yake shi ne bara ya nuna wa Turawa leda a kan ƙaya ya ce balbela ce.

Marigayiya ta bar madubin hangen nesa mai ido ɗaya, da marainiyar jaka, da ni.

Ba za a yi mata salla ba, shari'a ba ta zo da haka ba. Za a sa ta a akwati bayan La'asar ranar Juma'a. Zaman makoki kuwa a gindin tsamiyar za a yi shi, kullum da hantsi, shiru, har sai mujiyar ta dawo. An tanadi tabarma ga Mbwana a sahun gaba, domin yanzu shi zai zama shaida.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa mai karatu hasken ido, ya ba Mbwana ikon faɗin abin da ya gani. Amin.