Gyara Daga Nesa

Ina shagona a Birnin Kudu, ƙafa ɗaya kan ɗaya, Alhaji Sule mai cibiyar koyon kwamfuta a Gwaram ya kira ni. Ya ce kwamfutocinsa ba sa ganin saba, wato babbar kwamfutar da duk suke dogara da ita, ga ɗalibai suna jira, in taho.

Na ce, "Alhaji, an wuce wannan zamanin. Daga nan zan gyara, ko takalmi ba zan sa ba."

Na shiga sabar ta intanet, na buɗe sabnet mask, lambobin da ke nuna mata iyakar unguwarta. Na matse iyakar da gadara, na danna. Nan take ta daina sanin rawuta, na'urar intanet ɗin da na bi na shiga, ta rufe ƙofa ina waje.

Ranar kasuwa ce kuwa. Haka na isa Gwaram a bas, buhun gero a cinyata, akuya tana taunar gefen rigata. Alhaji ya dubi ƙafata a tsanake ya ce, "Sannu da hanya, Injiniya. Ashe an sa."

Har yau in ya kira, kafin ya faɗi matsalar sai ya tambaya, "Injiniya, takalmin dai yana kusa ko?"