Inna Ta Riga Mu

A wani ƙauye can bayan Bichi akwai wani bawan Allah wai shi Nomau. Ya ba arba'in baya, amma in ka ce masa "kama bakinka", da hannu biyu zai kama. Daga shi sai mahaifiyarsa Inna Tabawa a gidan, kuma shi ne sandarta tun da yanar ido ta rufe mata gani. Da wansa Alhaji Sadisu ya ɗauke ta a jirgi zuwa Alkahira a yi mata aiki, sai Nomau ya kasa zaune ya kasa tsaye. Tsoronsa ɗaya, kada tsohuwa ta laluba hannunsa ta rasa.

Wata rana ya tare Malam Hadi na firamare ya ce, "Malam, daga Kano zuwa Alkahira tafiyar nawa ce?" Malam ya ce, "Awa huɗu da 'yan kai." Gogan naka ya dama fura a gora, ya sa kai. Da azahar ya isa wata kasuwar ƙauye, ƙafa ta kumbura, yana tambayar masu gyaɗa ina asibitin ido. Abin da ya ɗaure masa kai, wai yadda Larabawa suka iya Hausa. A bayan motar albasa aka dawo da shi.

Wata rana Malam Hadi ya ji tausayinsa, ya buɗe masa taswira. "Duba, ya haura kilomita dubu uku. Jirgi a miƙe yake tafiya, ba ruwansa da kwane-kwane." Dubu ukun nan ko a jikin Nomau, "a miƙe" kaɗai ya riƙe. Ashe hanya ce ta cuce shi! Ya saita inda yatsan Malam ya nuna, ya miƙe. Ya keta dangar Ladidi mai ƙosai, ya bi ta kan barkonon da ta shanya, ya faɗa kududdufi har wuya. Ladidi ta tsaya kansa da muciya, ya ce, "Yi haƙuri, Baba, ke kika yi gida a hanyar jirgi."

Wata rana da hantsi Alhaji Sadisu ya kira wayar Malam Hadi. "Ku gaya wa mutan gida, Inna ta riga mu..." Sai layi ya katse, aka yi ta nema shiru. Kafin ka ce kwabo gari ya ɗau salati, an shimfiɗa tabarmi.

Malam Hadi ya dafa shi. "Sai haƙuri, Nomau. Inna ta riga mu."

"Ta riga mu? To ai awa huɗu ne. Wa zai riƙe mata hannu?"

Ya haye kekensa ya nufi Kano. Mutane suka girgiza kai, suka ce a ƙyale shi.

A filin jirgi ya tarar da ita kan benci ita kaɗai, ido ɗaya manne da auduga, ta gaji da jira. Ashe kujera ɗaya aka samu a jirgin ranar, Alhaji ya sako ta gaba, ya bugo waya don a je a tarye ta. Nomau ya miƙa mata hannu. Ta ce, "Ina ganinka, ɗan nan. Haka ka rame?" Duk da haka ta riƙe hannun gam.

Bayan la'asar mota ta sauke su ƙofar gida, keke ɗaure a sama. Masu zaman makoki suka watse, wani ya bar takalmi, wani hula. Nomau ya dubi tabarmi ya ce, "Malam, wa ya rasu?"

Ita kuwa Inna, da sabon idonta, ta tsaya tana duba wanda ya zo da wanda bai zo ba.