Filin Gado a Gungun Tsamiya

Wani ne a nan unguwar Utaibiyya ta Makka, ba zan kama suna ba, don yana iya ɓullowa yanzu ya ce a zuba masa shayi. A Makka aka haife shi, a nan ya yi gemu, kuma ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na tankin saman bene, ran da ya faɗa ciki wajen gyaran famfo. Kakansa ne ya taso daga wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, can ƙasar Yawuri, Gungun Tsamiya ake ce masa. Ya bi ta Chadi da Sudan a ƙafa har ya iso. Shi jikan ko a taswira aka ce ya nuna wurin, sai dai ya ɗora yatsa a kan Masar.

To mutumin nan ɗaki biyu yake haya a benen wani Balarabe mai suna Nawaf, wanda ya tashi cikin Hausawa har Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Duk shekara idan azumi ya ƙarato, sai Nawaf ya fara tsayawa a ƙofar ɗakin yana auna shi da ido, yana lissafin gadaje nawa na masu umara zai ɗauka. Bana dai ya daina kunya.

Ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, kafin azumi ka nemi wuri a Ka'akiyya, can gefen gari. Ɗakin nan na masu umara ne."

Mutumin ya shiga damuwa ba kaɗan ba, don matarsa Khalida ta riga ta faɗa masa, unguwar da uwarta take ba za ta bar ta ba. In Ka'akiyya ce, ya gaishe su.

Ana cikin haka sai ga saƙon murya daga wani baffansa na can tsibirin. Bayan gaisuwar da ta haɗa har da kaji, tsohon ya ce, "Ɗana, filin kakanka yana nan. Tun da ya tafi ba wanda ya taɓa shi."

Mutumin ya miƙe tsaye. "Khalida, mun warke. Ashe ni mai tsibiri ne."

"Fili ya ce."

"Fili a tsibiri. Kin san Larabawan nan da ruwa. Ɗan yayyafi aka yi, kowa ya fito da mota yana ɗaukar gajimare hoto. To can ruwa gabas, ruwa yamma, ba sai ka jira hadari ba."

Khalida tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. "Me ya sa ba wanda ya taɓa filin tun zamanin kakanka?"

"Amana. Mutanen ƙauye akwai amana."

Washegari bayan la'asar ya sa farar jallabiya, ya sha turare har ƙuda na kauce masa, ya sami Nawaf a ƙofar bene yana shan gahawa. Ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Ya shaikh, alheri na kawo maka. Ka bar min ɗakunan nan har abada, ni kuma in ba ka rabin filina a tsibiri. Ka gina otal. Yawon buɗe ido shi ne harkar zamani, masu umara kowa ma yana da su."

Nawaf mutum ne da in ya ji an ce fili, kunnensa har motsi yake. Ya ajiye kofi. "Akwai wuta?"

"Babu. Ai shi ake yayi yanzu. Bature har biya yake a raba shi da wuta ya huta."

"Hanya fa?"

"Ba hanya, ba cunkoso, ba kyamarar da za ta ɗauke ka a aiko maka da tara."

Wannan ta shiga Nawaf, don shi da kyamarorin titi ba sa ga maciji. "Asibiti?"

"Me za a yi da shi? Baffa ya ce a can ba a doguwar jinya."

"Sauro?"

"Akwai, amma sun saba da mutane."

"Tayyib, na ji. Baƙi nawa suke zuwa a shekara?"

Mutumin ya gyara zama, don nan yake jira a zo. "Yanzu ko ɗaya. To ka ɗauki mota ka je Muzdalifa yau, wa za ka tarar? Duwatsu da banɗakuna a kulle. Amma ka jira daren nan guda na aikin hajji, inda za ka shimfiɗa tabarma ma sai ka roƙa. Duk wurin da ka gani ba kowa, lokacinsa yake jira."

Ku ji fa hankali. Shi a wurinsa duk duniya Makka ce, ka kafa gado kawai, Allah zai kawo mai kwana. Abin haushin, Nawaf ma ɗan Makka ne, sai ya ga maganar ta yi ma'ana.

Ya ce, "Nuna min filin."

Aka aika wa Baffa saƙo, ya ce a ba shi lokaci ya je inda sabis yake. Can sai ga kiran bidiyo ya shigo. Ga tsoho da malafa, zaune cikin kwalekwale, gora a hannu. Bayansa ruwa, gabansa ruwa, can nesa ciyawa kore shar. Nawaf ya kai fuska kusa da wayar yana ta masha Allah, kamar an nuna masa jariri.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. "Baffa, ka ƙarasa filin ka nuna masa."

"Ai mun iso."

"Ina?"

"Muna kansa. Filinka ya fi ko'ina sabis a garin nan, kowa nan yake zuwa waya." Tsohon ya luma gorar cikin ruwa har hannunsa ya jiƙe, ya bubbuga. "Kun ji? Ƙasa ce mai ƙarfi."

Nawaf ya juyo ya kalli mutumin. Mutumin ya kalli wayar.

"Baffa, iyakarsa daga ina zuwa ina?"

"Daga kan giginyar can da ya leƙo, zuwa inda dorinar nan take. Sai dai ita tana matsawa."

Mutumin ya dafa gwiwar Nawaf. "Ka ji ko? Wata rana ma ƙaruwa yake. Ga dorina kyauta, ba sai ka gina gidan namun daji ba."

Nawaf ya ce wa tsohon, "Ya ammi, baffana, yaushe ruwan yake janyewa?"

"Bara filin ya leƙo 'yan kwanaki. Bana dai bai fito ba tukuna."

"Muzdalifa ke nan," in ji mutumin, amma muryarsa ta fara yin ƙasa.

Baffa ya ƙanƙance ido yana kallon wayar. "Wai ɗana, wane ne wannan mai jan rawanin da yake Hausa?"

Nan fa baƙin halin mutumin na cika baki ya motsa. Maimakon ya ce aboki ne ya yi shiru, sai ya ce, "Maigidana ne, Baffa. Benaye gare shi a Makka, ɗakuna ba iyaka. Daga nan zuwa Harami tafiyar kusa ce."

Tsohon ya ajiye gora. "Harami? Yaro, miƙa masa wayar." Ya cire malafa don girmamawa. "Alhaji, Allah ne ya haɗa mu. Samarinmu duk sun watse birni, mu tsofaffi mun daɗe muna bandar kifi muna tari don umarar azumi. Ni, da liman, da sarkin ruwa, da iyalanmu. Komai ya haɗu, masauki ne ya gagare mu."

Nawaf ya karɓe wayar da hannu biyu, ya miƙe, ya nufi matakala. Mutumin ya bi shi yana riƙe da gefen jallabiya yana cewa, "Ya shaikh, maganar otal fa," amma ko waiwaye bai samu ba. Nawaf ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin mutumin, Khalida ta ja mayafi ta matsa gefe, ya shiga yana zagayawa da wayar.

"Ga ɗaki, ya ammi. Ga na mata. Ga famfo, ga na'urar sanyi. Ba sauro."

"Dorina fa?"

"Babu."

"Mun kama."

Nawaf ya ce, "Halas, magana ta ƙare." Ya miƙa wa mutumin wayarsa, ya dafa masa kafaɗa. "Wallahi ka yi gaskiya, tsibirin nan akwai masu yawon buɗe ido."

Khalida ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta fara ninke kayanta ita kaɗai, nasa tana turewa gefe da ƙafa. Mutumin ya ga abin ya wuce wasa, idonsa ya ciko. Ya kai wayar saitin fuskarsa.

"Baffa, ɗakina ne fa kuka kama. Ni ina zan zauna?"

Tsohon ya mayar da malafarsa, ya ɗauki gora. "Haba ɗana, mai fili ne yake kukan wurin zama? Ka taho gida. Kwalekwalen nan zan bar maka, ka dai faɗa min saitin inda kake son ɗakin in ɗaure shi."