Ilu da Kwalba Mai Koren Murfi

A Rafin Gora akwai Barau mai tsire. Matarsa ta rasu, 'yarsa Asabe tana aure a garin gaba, saura shi da ɗansa Ilu, mai shekara talatin da ɗoriya, wanda duk abin da aka gaya masa yakan yi shi yadda aka faɗa, ba ƙari ba ragi. Idon Barau na hagu ya riga ya mutu, na dama ya fara dushewa. Likita ta ce hawan jinin ido ne, in aka yi sakaci da magani shi ma zai tafi. Ta ba su maganin ɗigawa kwalba biyu, mai farin murfi da mai kore. Ilu ne ya raka shi, don haka shi ya ji bayani.

Wata rana Asabe ta zo dubiya ta tambayi magani. Ilu ya kai ta bakin rijiyar unguwa, inda mata suka yi cirko-cirko da bokitai, ya jawo guga. Kwalaben na ciki, ɗaure a leda. An ce masa a ajiye a wuri mai sanyi, ya zagaya garin bai ga inda ya fi ƙasan rijiya ba, ya kuma hana kowa taɓa igiyar.

Wata rana, Juma'a, liman yana tsakiyar huɗuba, Ilu ya tsallake sahu bakwai. An ce masa a ɗiga mai farin murfi ƙarfe biyu daidai, duk inda Baba yake. Ya kama haɓar tsohon ya ɗaga, ya ɗiga, ya danna yatsa a kusurwar idon, ya shiga ƙirga ɗari da ƙarfi yadda aka koya masa. Liman ya rasa inda ya tsaya. Masallaci ya yi tsit har Ilu ya cika ɗari.

Wata rana da hantsi Asabe ta tarar da shi yana ɗiga mai koren murfi. Ta karɓa ta karanta: da dare. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce wata biyu.

"Ilu, ido ɗaya ya rage wa Baba, shi ma ka kashe shi."

"Likita cewa ta yi idan zai kwanta barci. Baba ba ya kwanciya sai rana ta fito."

Asabe ta kwashe su sai asibiti. Likita ta auna idon, ta sake aunawa, sannan ta tambayi Barau sana'arsa. Ya ce tun magariba yana gaban tukuba cikin hayaƙi, hawaye na zuba, sai bayan asuba yake runtsawa. Sai likita ta ce ciwon ya lafa. Da an ɗiga da dare, hawayen ne zai wanke maganin kafin ya shiga, amma da safe idon na rufe, maganin yana zama. Ta ɗauki biro ta soke abin da ke jikin kwalbar.

"Ci gaba yadda kake yi, Malam Ilu. Kada ka canja komai."

Asabe ta buɗe baki, amma Ilu ya riga ya gyaɗa kai.

Juma'ar da ta biyo baya, ƙarfe biyu saura kaɗan, mutanen sahun baya suka fara matsawa suna buɗe wa Ilu hanya.