Zagin da Na Haska a Liyafar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar liyafar ritayar Kawu Bawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Zuru ba za su bari ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Abin da ya fi ba ni haushi, na nemi wanda zan ɗora wa laifin na rasa, kuma wallahi na nema.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garinmu ba, ni ma ban daɗe da dawowa daga kwalejin fasaha ba, da takardar difloma ta kwamfuta da kuma kai a kumbure. Kawu Bawa yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, ya bar aikin soja yana sajan-manjo. Dangi suka shirya masa liyafa a zauren wata makaranta, shi kuma ya ce yana so a haska hotunansa na fagen fama a bango kowa ya gani. Ya ce a kira Oga Emeka, mai shagon kayan lantarki a bakin kasuwa, tunda shi ke da furojekta, ya zo ya yi aikin gaba ɗaya.

A gabana fa ya faɗi haka. Ina zaune. Ni da na yi karatun abin.

Na ce, "Kawu, a karɓo furojektan kawai, sauran aikin nawa ne."

Ya dube ni sama da ƙasa kamar kurtun da bai goge takalmi ba. "Injiniya," in ji shi (in ya ce min injiniya ba yabo ba ne), "manyan mutane za su taho. In ka kunyata ni, ka san ni."

Oga Emeka ya kawo furojekta, ya haɗa da wani tsohon monita, wato allon kwamfuta, mai ƙaton ƙeya da ya ara mana. Ya ce, "Nawa kwamfuta yana nan, ka danna sau ɗaya hoto ya fito. Me ya sa kana so wahala?" Na ce masa na gode, ba na amfani da manhajar 'yan koyo. Haka na faɗa, da bakina.

Kwamfutar gidanmu tsohuwa ce, manhajar Linux na sa mata, kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar irin fuskar nan mai hotuna da ake dannawa da linzami ba tare da ta yi nishi ba. Amma na san dabara. Akwai abin da ake kira framebuffer, wato wani fili a ƙwaƙwalwar na'ura inda ake shimfiɗa hoto ɗigo-ɗigo kafin ya fito a fuskar monita. In ka kunna direbansa, 'yar manhajar da ke tuƙa shi, a cikin kanel, wato zuciyar manhajar, za ka iya nuna hoto kai tsaye a kan baƙin allon rubutu. Sai dai dole ka sake gina kanel ɗin da kanka, kana zaɓen abin da za a sa da wanda za a bari.

Na zauna na shiga zaɓe. Kusan kowane zaɓi yana da ɗan bayani a gefe, da yawansu suna ƙarewa da shawarar cewa in ba ka da tabbas ka ce a'a. Ni da nake da difloma? Na sa direban katin hoto, ɓangaren na'urar da ke aika hoto zuwa monita. Na zaɓi girman fuska mafi girma da katin zai iya fitarwa, domin hoton Kawu ya fito har da gashin baki. Na zaɓi haruffa manya-manya, saboda tsofaffin da za su zauna a baya. Ban tsaya na tambayi kaina ko tsohon monitan Oga Emeka zai iya ɗaukar wannan girman ba.

Ginin kanel a irin wannan na'ura yana cin lokaci kamar dahuwar ganda. Ana cikin yi aka ɗauke wuta. Na sake farawa, aka sake ɗaukewa. Sai da safiyar liyafar ya kammala, motar kaya tana ƙofar gida tana hon, Inna Rahila matar Kawu tana ƙwala min kira in zo in ɗauki kuloli. Ban gwada ba. Kuma saboda tsabar yarda da kai, na cire tsohon kanel daga jerin da na'ura ke zaɓa in an kunna ta, na bar sabon shi kaɗai. (Mai karatu, in kana da ɗa mai irin wannan hali, ka yi masa addu'a.)

Zaure ya cika. Tsofaffin sojoji abokan Kawu sun jeru a gaba da lambobinsu, dangi sun zo daga Mahuta da Bena, fasto ya yi addu'a, liman ya yi. An toshe tagogi da barguna don hoto ya fito, zafi kamar a tanda. An rataye farin ƙyalle a bangon gaba. Ni kuma aka ajiye teburina a kusurwar gaba kusa da soket, ina fuskantar jama'a, ƙyallen yana bayana. Waya ta tashi daga kwamfuta zuwa furojekta, wata ta dawo daga furojekta zuwa monitana.

Mai gabatarwa ya ce yanzu ɗanmu injiniya zai nuna mana tarihin jarumi. Aka yi tafi. Na danna.

Rubutun farko ya fito, ƙanana, kamar kullum. Sai monita ya yi ƙyas, ya yi baƙi ƙirin. 'Yar fitilarsa ta koma ruwan lemo tana ƙyaftawa.

Na jira. Babu komai. Na girgiza waya. Na mari monita a ƙeya. Na kashe na kunna, abu ɗaya. Gumi ya fara bin bayana a cikin kwat ɗin da na aro. Ina jin faifan na'urar yana aiki, na san tana raye, ni ne kawai ba na gani. Sai na shiga a makance: na buga sunana da kalmar sirri, na fara buga umarni daga ka, ko zan iya rage girman fuskar. Ba abin da ya canja.

Daga kujerarsa Kawu ya ce, "Injiniya, mi ke faruwa?"

"Minti ɗaya, Kawu."

"Emeka na nan fa."

Wannan maganar ce ta fasa ni. Ina da wata ɗabi'a tun a makaranta: in na'ura ta ƙure ni, sai in huce a kan kibod, in rubuta abin da ke raina in danna, ba mai ji ba mai gani. Hannuna ya tafi da kansa. Na fara da monitan, na rubuta cewa Emeka ya kwaso mana gawa daga bola. Sai na ji 'yar dariya ta tashi daga tsakiyar zaure. Na ɗauka gazawata suke wa dariya, raina ya ƙara ɓaci. Na rubuta cewa duk taron nan shinkafa ce ta kawo su, ita ma shinkafar Inna ta ƙone. Dariyar ta ƙaru, har wata mata ta yi guɗa. Na ƙi ɗaga kai. Na ce a raina, ku yi ta yi, jahilai. Ban bar shi a raina ba ma, na rubuta shi.

Na ji ƙanwata ta ce, "Yaya! Yaya!" Sai muryar Kawu ta katse ta: "Ku bar shi ya gama."

Ni a tunanina haƙuri yake ba ni in gama gyara. Kuma haƙurin nasa ma haushi ya ba ni. Sai na rubuta wadda ta kashe ni. Na rubuta: wane fagen fama, mutumin da ya ƙare aikinsa yana gadin buhunan shinkafa a sito, ko kaza bai taɓa harbi ba.

Zaure ya yi tsit. Ƙarar janareta kawai ake ji.

Sai wani tsohon kofur a layin gaba, mai sanda, ya fashe da dariya har yana tari. "Sito ne! Wallahi sito ne! Bawa, yaron nan ya san ka!" Sauran tsofaffin suka kama, wani yana dukan cinya, wani yana share hawaye.

A nan ne na waiwaya.

Komai yana kan ƙyalle. Furojektan sabo ne, ya ɗauki girman da na zaɓa ba gardama. Tsohon monita ne kaɗai ya gaza. Direban da na sa yana aiki lafiya lau, tun farko. Ga kalamaina farare fat a kan baƙi, kowane harafi ya kai tafin hannu, tsaf, har na bayan zaure suna karantawa suna fassara wa waɗanda ba su yi boko ba. Ƙarƙashin kowane zagi kuma na'urar ta amsa da Turanci cewa ba ta san wannan umarni ba.

Kawu ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba, wanda duk ɗan gidan soja ya san shi ne mafi muni.

"Taho nan."

Na je.

"Kama kunne."

"Kawu, don Allah, mutane..."

"Mutanen da ka ce jahilai? Kama kunne. Daga nan zuwa ƙofa, ka dawo."

Haka na yi tsallen kwaɗo a tsakiyar zaure, cikin kwat ɗin aro, da difloma a gida. Tsofaffin sojoji suna tafi daidai da tsallena. Inna Rahila ta tsaya riƙe da ludayi tana cewa a ƙara masa, shinkafar wa ta ƙone. Oga Emeka ya naɗe hannu a bakin ƙofa, da na iso gabansa ya sunkuyo ya ce, "Sannu, oga. Gawa yana gaishe ka." A hanyar dawowa wandon ya yage.

Ina haki Kawu ya nuna min tebur. "Yanzu nuna hotunan."

Na juya kujera na fuskanci ƙyalle, na buga umarni ɗaya. Hoto ya fito nan take, tar da shi, ban taɓa ganin hoto mai kyau haka ba. Kawu ne yana matashi, cikin kaki, riƙe da bindiga, fuska a murtuke. A bayansa buhunan shinkafa ne jere har rufi, ana iya karanta rubutun jikinsu.

Kofur mai sanda sai da aka fita da shi waje ya sha iska.

Kawu ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Sai da mahaifiyata ta sa baki, na je na durƙusa, sannan ya ce in tashi in daina ɓata masa tabarma. Abokansa kuwa har ya rasu suna kiransa Janar Sito, kuma duk lokacin da aka kira shi haka ni yake harara. Ni ma ban tsira ba. In na ratsa tasha, 'yan acaɓa sai su kama kunnuwansu.

Na yi shekaru ina wannan aiki yanzu, na gina kanel ba adadi. Abin da na koya bai da yawa: in allonka ya yi baƙi, kada ka ɗauka na kowa ma ya yi. Kuma in rai ya ɓaci, ka cire hannu daga kibod ka sa a aljihu, sannan ka waiwaya.