Laƙabin Baffa Idi

Da auren ƙanwata ya matso, na bugi ƙirji a gaban dangi a Zongo cewa manhajar kwamfutar da na haɗa ce za ta buga katin gayyata. Ai ni injiniya ne.

Na tsara ta sa wa kowa laƙabinsa, Alhaji ko Malam, amma ban ce ta fara duba ko yana da shi ba. Baffa Idi, waliyyin amarya, ba shi da ko ɗaya. Katinsa ya fito "undefined Idi".

Ya kira ni. "Ɗana, wace sarauta ce wannan?"

Na sunkuyar da kai. "Baffa, Turancin kwamfuta ne, wai ba a san matsayinka ba."

Har yau in na je gaisuwa sai ya ce, "Ku ba injiniya kujera, ya zo binciken matsayina."