Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Biki a Azare Har a Sake Kiranka

Ka bi matakan nan yadda suke. Na yi maka alkawari, kafin damina ba za a ɗaura aure daga Azare zuwa Bulkachuwa ba sai an nemi lambarka.

1. Rataya kyamara biyu
Ɗaya ta yi aiki, ɗayar ko matacciya ce ba komai. Nauyin wuyanka mutane ke dubawa.

2. Gano amarya
Ƙawaye ashirin cikin anko, kwalliya iri ɗaya. Kada ka tambaya, za a raina ka. Nemi wadda aka hana dariya, ita ce.

3. Samu tsohuwar gida
Kowane biki yana da mai yanke hukunci, kuma ba ango ba ne. Ɗauki darasi daga abokina Jalo. A bikin Radiyya ya gano kakarta Ya Gana, Babarbariya, ita ke zaɓar mai hoto, ga sauran jikoki mata huɗu a gida. Bukukuwan nan huɗu Jalo ya sa wa ido. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa har da tambayar awaki. Tsohuwa ta ji daɗi. Ta ce rabonta da hoto tun na fasfon hajji, tana son babba da za ta rataya a ɗaki.

4. Gyara kowa
Babu mai son ganin fuskarsa yadda Allah ya yi ta. Goge ƙurajen ango, ƙara wa amarya haske. Haka Jalo ya yi, hannu ya saba, har ya zo kan Ya Gana ya share mata tsagar gado duka. Kumatu suka fito sumul kamar na 'yar sakandare. Ya sa a gilashi ya kai mata da kansa.

Ta aika a kawo tabarau. Ta daɗe tana kallo, ta yaba mayafin.

"Yaro, wannan baiwar Allah 'yar gidan wa ce? Mayar wa danginta, kada su yi ta nema."

Jalo ya ce ai ita ce, gyara aka yi.

"Shekara saba'in ina ɗauke da tsagar gidan ubana, kai ka cire ta da yatsa ɗaya?"

5. Iya ba da haƙuri
Jalo ya sake wanko hoton da tsagarta, ta karɓa ta sa masa albarka. Bikin jika ta biyu ma an gayyace shi. Kujera a gaba, faranti cike da nama. Saƙon Ya Gana ɗaya ne: ya bar kyamara a gida.

Gargaɗi: duk wanda ya bi shawarar nan aka zaunar da shi cin shinkafa, wani yana ɗaukar hoto a gabansa, ba ruwana. Ban san ka ba, Jalo ma ya daina amsa gaisuwata.